Wandon Da Bai Je Wurin Tela Ba

SHAFI NA 23

Masu turo min saƙo tun safe wai na bar su a tsaye, to ku nemi wuri ku zauna. Wanda ke da soyayyen abu a gabansa kuma ya ture shi gefe tukun, don ba na jin zai wuce masa yau.

*

Auta ta daɗe tsaye a bakin gado, tsintsiya a hannu, tana kallon wanduna biyu da ta shimfiɗa ɗaya a kan ɗaya.

Na saman shi ne tsohon, wanda ta zaƙulo yanzu a bayan durowa, duk ya sha ƙura da yanar gizo. Tun kafin mijinta, Abban Mimi, ya fara ciwon ciki wandon nan ya ɓata, aka yi nema har aka gaji. Na ƙasan kuwa jiya ya cire shi. Shi ne wanda kullum da safe yake zura hannu a ƙugunsa yana girgizawa yana cewa, "Kin gani ko, Maman Mimi? Wata rana a titi zai zame min."

Rana ɗaya aka ɗinka su, yadi ɗaya, awo ɗaya. Bambancin kawai, na ƙasan ya sha zuwa wurin yayanta, Yaya Tela, wai ana rage shi saboda mai shi yana ramewa.

Da murnarta ta haɗa su, so take ta ga iya abin da aka rage.

Sai ta ga wandon da aka ce an rage ya leƙo ta kowane gefe. Ya fi tsohon faɗi, faɗi kuwa ba na wasa ba.



Ta yar da tsintsiyar, ta juya cikin wandon. Ga shi nan a ɗinkin baya, an farke an saka ƙari, an bi shi da zare kalar yadin yadda ko mai ido huɗu ba zai gane ta waje ba. A ƙarshen ɗinkin an koma baya an ƙulle da ɗan ƙulli. Tun tana yarinya take zama a shagon Yaya tana tsince masa zare, ko cikin barci ta san hannunsa.

Ta buɗe durowa ta watso sauran. Duk wanda ta juya, ƙari. Riguna ma ba a bar su ba, an buɗe su ta hammata har ƙasa.

Ta zauna daɓas a ƙasa, muryar Likita na dawo mata kamar yanzu yake faɗa, ranar da aka zura wa Abban Mimi abin haska ciki ta maƙogwaro.

"Ƙibar nan ce take danne masa ciki, ruwan ɗaci yana tasowa yana ƙona hanyar abinci. Wurin ya riga ya sale. A bar soye-soye, a bar maiƙo da yaji da lemon kwalba. Ya ci kaɗan-kaɗan, kada ya ci ya kwanta. In tumbin nan ya sauka, zai samu sauƙi. In bai sauka ba, ranar da kuka ga jini, kada ku tsaya neman takalmi."

Tun daga ranar ba a sake ɗora kaskon suya a gidan nan ba.

Ta dubi agogo. Rana ta take, lokacin cin abincin su Abban Mimi ne a kasuwa. Ta cusa wandunan biyu a leda, ta ja mayafi, ko ƙofar ɗaki ba ta tsaya kullewa ba.

*

Shagon yadin Abban Mimi da shagon ɗinkin Yaya Tela bango ɗaya ne ya raba su. Na yadin an ja ƙofarsa rabi. Na ɗinkin a buɗe, kekuna sun yi shiru, amma daga bayan labulen da ake yi wa mutane awo dariya ce ke tashi, ga ƙarar cokali, ga wani ƙamshi da ya cika shagon har ya fito titi.

Ƙamshin soyayyen nama da albasa. Rabonta da jin sa a gidanta har ta manta.

Ba ta yi sallama ba. Ta yaye labulen.

Jama'a, ni da nake ba ku labarin nan sai da na ji kunya a madadinsu.

Yaya Tela na zaune a kan benci, tef ɗin awo a wuya, ya rungume kular Auta, shuɗiyar nan da ta cika wa mijinta da hannunta da safe. Dafaffen kifi, kabeji, karas, 'yar shinkafa kaɗan. Yana ci yana lumshe ido.

Abban Mimi kuwa ya baje a tabarma, ya kwance maɓallin wando, ya sa wata jar kula a gaba. Hannu dumu-dumu da mai har wuyan hannu, cinyar kaza a baki, kwalbar lemo mai raɓa a gefen gwiwa.

Cinyar kazar ta faɗo a kan rigarsa.

"Maman Mimi..."

"Ci gaba," in ji ta. "Kada ya huce."

Yaya ya yi ƙoƙarin tura shuɗiyar kular ƙarƙashin benci da ƙafa.

"A'a, Autarmu! Yau ke ce a shagon namu? Lafiya dai?"

"Yaya, kifin ya yi gishiri daidai?"

Ya ajiye cokalin.

"Na tambaye ka ne, tunda ashe kai nake yi wa girki. Gara in san yadda kake so."

"Ki tsaya ki ji, yau ne kawai..." Abban Mimi ya fara.

Ta zazzage ledar a kan teburin yanka. Wanduna biyu suka faɗo kusa da wani farin yadi da aka shimfiɗa za a yanka.

"Wannan ma yau ne kawai?"



Ta juya cikin wandon, ta kai ƙarin daidai hancin yayanta.

"Ɗinkin wa ne wannan?"

"Auta, ki rage murya, maƙwabta..."

"Ɗinkin wa ne, Yaya?"

"Nawa ne."

"Da yake ɗauko su daga gida yana ce min za a rage, ƙarawa kake yi?"

Ya sosa ƙeya.

"To ya zo min wando na yanka masa ciki, ko zama ba ya iya yi. Surukina ne, abokina ne. In kore shi?"

"Don su daina matse shi ka ƙara, ko don su yi masa yawa?"

Yaya ya kalli Abban Mimi, Abban Mimi ya kalli tabarma.

"Ashe har da ƙarin ƙari," ta ce a hankali. "Yadda zai zura hannu ya girgiza min da safe, ni kuma sakarya ina tafa masa."

Sai a lokacin ta ƙare wa yayanta kallo da kyau. Mutumin da a da cikinsa ke gaba da shi, yanzu wuya ya fito, tumbi ya lafe, fata sai sheƙi take. Ita da bakinta ta taɓa ce masa, Yaya wane sirri ne haka, kullum sai ƙara yarinta kake? Ya ce mata tafiyar ƙafa ce.

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta fi kuka ciwo.

"Tafiyar ƙafa. Ashe tafiyar daga kulata ce zuwa cikinka."

"Wallahi abincinki magani ne, Auta, ni kaina ƙwannafin da nake yi ya..."

"Yaya, don girman Allah ka yi shiru."

Ta fizge tef ɗin daga wuyansa. Ta auna ƙugun tsohon wandon, ta danne wurin da babban yatsa, ta juyo kan mijinta.

"Tashi."

"Haba Maman Mimi, a gaban yayanki?"

"A gabansa ka ci amanata, a gabansa za ka tashi."

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, yana nishi. Ta zagaya tef ɗin a ƙugunsa. Bakin tef da yatsanta suka ƙi haɗuwa. Tsakaninsu sai ka shimfiɗa tafin hannu, har da saura.

Ko kusa bai rame ba. Ƙaruwa ma ya yi.

Ta saki tef ɗin ya faɗi. Idonta ya kawo ruwa, amma ta ƙi bari ya zubo.

"Da na ce maka fuskarka ba ta faɗa ba, me ka ce min?"

"Na ce... fuska ce ƙarshen ramewa."

"Da na ce zan bi ka asibiti?"

"Na ce ki huta."

"Ka ce Likita ya yaba, har ya ce a gaishe ni. Ka ma je kuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban koma ba. Zai ɗora ni a sikeli."

"Innalillahi."

Ta dafa teburin.

"Ka san kaskon suyata na bayar? Kyauta na bayar, don kada zuciyata ta raya min. Mimi ta yi birgima a ƙasa tana kukan soyayyen dankali, na dake ta. Na daki 'yata a kan dankali, na ce so take ta kashe ubanta. Duk gidan muka koma cin dafaffe kamar masu jinya, don kada ka ji ƙamshi ranka ya biya. Ni na sa aka ɗaga maka gado ta wajen kai, har bayana ya ƙage. Ni ke hana ka kwanciya in ka ci, ina janka da hira ina gyangyaɗi. 'Yan'uwanka suka zo har falona suka ce ina horar da kai da yunwa, na haɗiye, na ce in ka warke za su gane."

"Na sani, wallahi na sani..."

"Ba ka sani ba! Da ka sani da abincin nan bai wuce maka ba."

Ya share gumi da bayan hannu, ya bar mai a goshi.

"Na gwada, Maman Mimi. Allah shaida na gwada. Makon farko har jiri nake gani a shago, ina auna wa mutane yadi hannuna na rawa. Abincin nan ba ya riƙe ni. In na ci kamar na ci iska."

"Sai ka faɗa min! Baki gare ka. In ƙara maka, in canza, mu koma wurin Likita tare. Ni dodo ce?"

"Kina murna ne. In na girgiza wandon nan, yadda fuskarki ke yin haske... na kasa."

"Kada ka kuskura ka ce don ni ka yi."

Ya ɗan danna ƙirjinsa da hannu, ya yi gyatsa, ya yamutsa fuska kamar wanda ya haɗiyi garwashi. Ta gani sarai, amma ɓacin rai ya hana ta tambaya.

Ta juya kan jar kular.

"Saura mai girkin. Yaya, matarka ce ko? Antin da nake kira kullum tana ce min sannu da ƙoƙari?"

"Wallahi babu ruwan Antinki. Ita ko sani ba ta yi ba."

"To a ina ake saye?"

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce wa ke dafa masa?"

Suka sake kallon juna. Wannan karon ta ga tsoro ƙarara a idon yayanta.

"Auta, ki bar maganar nan a nan. Mun yi laifi, mun amsa. Ki je gida, zan zo har ɗaki in ba ki haƙuri."

Ta durƙusa gaban kular. Ta kalli yadda aka yanka albasar, manya-manya, aka soya ta har ta kusa ƙonewa. Ta kalli naman, an tsattsaga shi kafin a soya don mai ya ratsa. A gefe ga ƙyallen da aka ƙunso kular, wani tsohon ɗankwali mai ɗigo-ɗigo da ya koɗe.

Ta san ɗankwalin nan. Ta sha goge hawaye da shi.

Ta dangwali man da yatsa, ta kai baki.



"A'a," ta ce. "A'a. Ba dai..."

Daga cikin shagon aka yi sallama. Murya ce ta dattijuwa, tana haki kamar wadda ta yi sauri.

"Tela? Kana ciki? Zo ka karɓa, ba sai na shigo ba. Na manta ban saka wa surukin nawa yajinsa ba, na san ba ya jin daɗin naman in babu."

Yaya ya ɗora hannu biyu a ka.

Auta ta miƙe. Ta ja labulen a hankali har ƙarshe.

Mama ce tsaye tsakanin kekunan ɗinki, da 'yar kwalbar yaji a hannu. Mama da ta haife ta.

Kwalbar ta kusa suɓucewa.

"Auta... me ya kawo ki nan?"

"Mama."

Iya abin da ta iya faɗa ke nan. Hawayen da ta hana mijinta gani, ta hana yayanta gani, suka ɓalle gaba ɗaya.

"Mama, ke ce?"

Mama ta dubi kulolin biyu, ta dubi wandunan, ta gane babu sauran ɓoyo. Maimakon ta sunkuyar da kai, sai ta gyara mayafi ta ɗaure fuska.

"Ni ce. Sai aka yi yaya?"

"A kan cinyarki nake kuka duk ƙarshen mako. Ina ce miki ina tsoron kada ya mutu ya bar ni da Mimi. Kina shafa kaina kina cewa in daure, in ci gaba da dafa masa yadda Likita ya ce. Ashe in na fita kasko kike ɗorawa?"

"Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Kin san uwarsa da yayyensa sun zo har gidana? Suka zauna min a ɗaki suka ce sun ba 'yata mutum da cikarsa da kwarjininsa, tana neman mayar da shi sandar rake. Suka ce in ba ki iya riƙe miji ba, a faɗa musu. In zuba ido aurenki ya mutu a kan kabeji?"

"Sai ki zaɓi shi ya mutu?"

"Kul! Bakinki ya sari ɗanyen..." Mama ta katse kanta, ta nuna ta da yatsa. "Wa abinci ya taɓa kashewa? Ƙwannafi ne fa. Ubanku ya yi ta yi har ya tsufa. Likitocin nan in ka biye musu ko ruwa sai su hana ka. Na ga bawan Allah yana tafiya yana layi, na ce wa Tela a rufa wa juna asiri. Ke ki samu kwanciyar hankali, shi ya samu abin da zai riƙe shi, danginsa su yi shiru. Wa aka cuta?"

"Ni, Mama! Ni aka cuta! Ku uku kuka haɗa kai, mijina da yayana da uwata. Duk wanda zan kai wa kuka a duniya yana cikin ɗakin nan. Kullum kuna kallona ina tashi da sassafe ina tsame kitse a miya da cokali, kuna yi min sannu."

"Don ke muka yi."

"Kowa don ni. To ni ban gode ba."

"Auta!" Yaya ya daka mata tsawa. "Mama ce fa."

"Na san ita ce, Yaya. Shi ya sa ya fi zafi."

Mama ta buɗe baki za ta yi magana, sai tari ya sarƙe Abban Mimi a bayansu.

Da farko babu wanda ya waiwaya. Tarin ya ƙi tsayawa. Ya dafe ƙirji, ya duƙa, ɗaya hannun yana lalube a kan teburin yanka. Ya cafko farin yadin nan ya toshe baki da shi. Jikinsa ya girgiza sau ɗaya, da ƙarfi, kamar an naushe shi daga ciki.

"Abban Mimi?"

Ya ɗago a hankali. Gumi ya wanke masa fuska, leɓensa ya yi fari.

Ya janye yadin daga bakinsa.

Ja. Ja wur, yana bin zaren yadin yana faɗaɗa.

Kwalbar yajin ta faɗi daga hannun Mama ta tarwatse a siminti.

Yaya Tela ya yi tsalle ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

"Innalillahi! Jinin ne ya sake dawowa? Ai ka ce min ya tsaya!"

Auta, da ta riga ta yunƙura za ta kama mijinta, ta ƙame a inda take. Ta juyo ta kalli yayanta. Ta kalli Mama, ta ga ita ma Yaya take kallo, baki buɗe.

"Yaya," ta ce. "Ya sake? Tun yaushe ya fara?"